Mene ne eDNA, kuma me ya sa ake ɗibar ruwan tekun ƙanƙara dominsa?

eDNA, wato DNA na muhalli, shi ne ragowar ƙwayoyin halitta da duk wani abu mai rai yake zubarwa a inda yake zaune. Kifi yana iyo, yauƙin jikinsa da ɓawonsa da kashinsa suna zuba cikin ruwa, kuma kowanne na ɗauke da DNA ɗinsa, wato sinadarin gado da ke bambanta kowace halitta da wata. Kamar yadda maharbi ke gane naman da ya wuce ta sawunsa, haka masana ke gane mazauna teku ta wannan ragowa, ko da ba su yi ido biyu da su ba.

Ga yadda ake aikin. Daga kan jirgi ake zura kwalabe zuwa zurfin da ake so, a ɗebo 'yan litoci na ruwa, a tace da matata mai ƙananan ƙofofi. Ruwan ya wuce, abin da ya maƙale a matatar a daskarar da shi nan take, a kai ɗakin gwaji. Can ake ciro DNA ɗin, a riɓanya shi, a gwada da rumbun bayanan halittun da aka riga aka sani.

A tekun Aktik na ƙarshen arewacin duniya da wanda ke kewaye da Antaktika a ƙarshen kudu ne wannan dabara ta fi rana. Can ƙanƙara na rufe ruwa watanni, hunturu duhu ne dare da rana, jirgi mai fasa ƙanƙara kuma tsada gare shi. Jefa taru a ƙarƙashin ƙanƙara ba abin wasa ba ne. Ga shi lokaci na ƙurewa: tun 1979 yankin Aktik ke ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya, kifayen Atilantika suna ta kutsawa arewa a tekun Barents da ke yankin Aktik, 'yan asalin sanyi na ja da baya. Wanda bai san abin da ke wurin yau ba, ta yaya zai gane abin da ya ɓace gobe?

A 2016 aka wallafa wani bincike da aka yi a kudu maso yammacin Girinlan, inda aka gwada ruwan da aka ɗebo da abin da taru ya kamo. Sakamakon ya yi kama sosai. Sai dai taru ya kama wani babban kifi da ake kira shak ɗin Girinlan ƙwaya ɗaya tak, alhali DNA ɗinsa ya bayyana da yawa a ruwan. Ashe yana nan, zille wa taru yake yi.

Amma a ganina kada a ɗora wa dabarar kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ba ta faɗin girman kifi ko shekarunsa, ba ta rarrabe mai rai da mushe, igiyar ruwa na iya kawo DNA daga nesa, sanyi kuma na sa ya jima bai ruɓe ba. Halittar da ba a taɓa rubuta bayananta a rumbu ba kuwa, sai ta fito ba suna, kuma irinsu suna da yawa a ƙasan waɗannan tekuna.

Shi ya sa har yanzu ake haɗa ta da taru da na'urar sauraron sauti da kyamara. A 2021, kyamarar da jirgin Jamus Polarstern ke ja a ƙasan tekun Weddell da ke Antaktika ce ta gano sheƙoƙin kifin ƙanƙara kimanin miliyan 60, galibi da kifi guda yana gadin ƙwai. Ruwan kwalba zai iya shaida cewa kifin na wurin, amma ƙirga sheƙoƙin sai da aka gani da ido.