Waiwaye: Yadda ɓarawo ya daina tsallake katanga

A da, tsaron ginin gwamnati a Maraɗi abu ne da ido ke gani: katanga, ƙyauren ƙarfe, sai maigadi da tocilarsa da butar shayinsa. Duk wanda zai taɓa injin wuta ko famfon da ke cika shato, dole ya bi ta gabansa. Yau gine-gine na zuwa da kyamarori, da ƙofofi masu buɗewa da kati, da na'urorin hasken rana da ake duba aikinsu ta wayar salula. Kowace daga cikinsu ƙaramar kwamfuta ce, ko da siffarta ba ta nuna ba.

Tushen matsalar ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1979 kamfanin Modicon ya fito da Modbus, harshen da injuna ke magana da juna, wanda har gobe yana cikin injinan wuta da mitoci da yawa. A 1995 aka amince da BACnet, wani harshen injuna irin wannan, a Amurka domin sanyaya ɗakuna, fitilu da makamantansu. Dukansu biyu an ƙera su ne bisa yarda: umurni ya zo, na'ura ta bi, ba ta tambayar wa ya aiko. Ban ga laifin maƙeran ba. A zamaninsu wayar da ke haɗa injunan ba ta fita daga ginin, kuma maigadi na bakin ƙofa.

Sai aka fara jona su da intanet, don ɗan kwangila ya gyara daga nesa ba sai ya hau mota ba. A 2009 aka buɗe Shodan, shafin da ke zaƙulo na'urorin da ke jone, kamar mai bin unguwa yana tura ƙofofi ya ga wacce aka bari a buɗe. A 2010 aka gano Stuxnet, muguwar manhajar kwamfuta wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran ta hanyar na'urorin Siemens. Wannan aikin manya ne.

Abin da ya fi kama da namu shi ne na shagunan Target a Amurka, a 2013. Ɓarayin ba su tunkari kamfanin gaba da gaba ba. Kalmar sirrin wani ɗan kwangilar na'urorin sanyi suka sace, suka shiga da ita, suka kwashe bayanan katunan banki wajen miliyan 40. A 2016 kuma, a garin Lappeenranta na Finland, hari ta intanet ya tsayar da ɗumama gine-gine biyu ana cikin sanyi. Mai karatu ya juya abin zuwa watan Afrilu a Maraɗi, ya tuna firjin allurar rigakafi. A shekarar ce dai wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da jerin kalmomin sirri kusan 60 kacal, waɗanda masana'anta ke sakawa, masu saye kuma ba su canzawa.

Nijar ta kafa dokar hukunta laifukan intanet a 2019. Amma doka sai an yi ɓarna take tashi. Bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, jama'a da ma'aikatu sun ƙara raja'a ga hasken rana da injinan wuta, kuma na zamani daga cikinsu da hanyar intanet suke zuwa.

A ganina, babban giɓin shi ne rashin mai abu. Mai gyaran lantarki na cewa aikin mai kwamfuta ne, mai kwamfuta na cewa shi bai san injin ba, tuwon ya zama na kowa. Alhali matakan farko ba su cin kuɗi sosai: a rubuta duk na'urar da ke jone cikin rajista, a raba layinsu da wanda ma'aikata ke shiga WhatsApp da shi, a hana soka kowane irin USB a kwamfutar sarrafa gini, a kuma tabbatar akwai wanda ya iya kunna famfo da hannu in allon ya mutu. Ɗan kwangila kuwa, a buɗe masa hanya lokacin aiki, a rufe in ya gama.

Ranar karɓar sabon gini, ana ƙirga makullai ɗaya bayan ɗaya a sa hannu a takarda. Kalmar sirrin kyamarori da ta injin wuta kuwa, sau da yawa tana nan cikin wayar yaron da ya haɗa su, wanda wataƙila tuni ya kama wani aikin a Damagaram ko Katsina.