Faranoya da otizim: daga ina zargin yake fitowa?

Faranoya kalmar likitocin ƙwaƙwalwa ce, asalinta daga Girkanci, inda take nufin hankalin da ya kauce hanya. Abin da ake nufi da ita yau shi ne mutum ya riƙa jin cewa wasu na shirya masa sharri da gangan, alhali hujjar da ke hannunsa ba ta kai girman zargin ba. Hawa-hawa ce. A ƙasa akwai abin da muke kira tsarguwa, irin wadda kowa ya taɓa ji: ka shiga ɗaki, hira ta tsaya cak, zuciyarka ta ce da kai ake. A can ƙololuwa kuwa akwai wanda ya yi imani ana bibiyarsa ko an sa masa guba, ko me za ka nuna masa ba zai sauka ba. Wannan na ƙarshen an fi ganinsa a cutar sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali da ke sa mutum ji ko yin imani da abin da babu shi.

To me ya haɗa ta da otizim, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ke bayyana tun yarinta yana shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane, wanda kafafen labarai kan kira galahanga? Bincike da dama ya nuna manyan da ke da otizim sun fi sauran jama'a cin maki a takardun tambayoyin da ake auna faranoya da su. Sai dai makin ba ya faɗa maka daga ina zargin ya taso.

A nan ne maganar karanta mutane ta shigo, wato yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa kallo da murya da yanayin fuska ta gano abin da ke ran wani. A 1985, masu bincike Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith sun gwada yara a Landan da 'yan tsana biyu, Sally da Anne. Sally ta sa ƙwallonta a kwando ta fita, Anne ta ɗauke ta mayar cikin akwati. Aka tambayi yaro: in Sally ta dawo, ina za ta duba? Cikin yara 20 masu otizim, 16 suka nuna akwati, inda ƙwallon take a zahiri, ba inda Sally ke zaton tana nan ba.

Yanzu ka ɗauki wannan wahala ka ɗora wa babban mutum a wurin aiki. Ya miƙa rahoto a makare, abokin aikinsa ya ce masa "kai, sannu da ƙoƙari" yana wani ɗan murmushi. Shi kuwa ya yi godiya da zuciya ɗaya. Mutum biyu suka ƙyalƙyale da dariya. Sai da dare, yana kwance yana juya maganar, ya gane gatse aka yi masa. Abin ya faru ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, tun yana firamare. Me kake tsammani zai yi da yabo na gaba? Zai ajiye shi a gefe ya yi ta bincike. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Kuma maciji na gaske ne: tsangwama da zolaya a makaranta sun fi afka wa yara masu otizim fiye da takwarorinsu, wannan ba a jayayya a kai.

A 2012 mai bincike Amy Pinkham da abokan aikinta a Amurka sun kwatanta masu otizim da masu sikizofiriniya. Yawan zargin ya zo kusan ɗaya, amma launinsa daban. Masu sikizofiriniya sun fi karkata ga "ni ake hari". Masu otizim kuwa sun fi karkata ga yanke ƙauna da halin mutane gaba ɗaya, wato "mutane ba abin yarda ba ne". A ganina wannan bambancin shi ne zuciyar maganar. Na farko ya karanta niyyar da babu ita. Na biyu ya kasa tabbatar da niyyar da ke akwai, ya sha wuya, sai ya zaɓi taka-tsantsan da kowa.

Ba kowa ya yarda laifin duk na mai otizim ba ne. Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake. Yadda mai otizim ke fama da habaici da harara, haka sauran mutane ke kasa karanta shirunsa da kauda idonsa, su ɗauka girman kai ne ko raini, su juya masa baya. In ya ce "ba sa so na", wani lokacin gaskiya ya faɗa.

Ruɗa otizim da sikizofiriniya abu ne mai tarihi. Likitan ƙwaƙwalwa Eugen Bleuler ne ya ƙirƙiro kalmar otizim, kuma a littafinsa na 1911 alama ce ta sikizofiriniya. Wani likitan, Leo Kanner, ya ware otizim daban a 1943 da bayanin yara 11, amma sai 1980 kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya raba su a hukumance. Har yau ana samun babban mutum mai otizim da aka yi wa kallon mai taɓin hankali, aka ɗora shi kan magunguna masu nauyi, don kawai ya ce abokan aikinsa na yi masa dariya. Tabbas mutum na iya haɗa biyun, don haka ba a yi wa zargi mai tsanani sakaci. Abin da ƙwararren likita kan yi shi ne ya tambayi tarihi: yaushe abin ya fara, wa ya ce me, a gaban wa. Sannan ya kawo wata fassarar, ya ce ko dai dariyar ta wani abu ce a waya? Mai ruɗin faranoya ba ya motsawa, wani lokacin ma ya sa likitan cikin maƙiya. Mai otizim kuwa sau da yawa yakan yi shiru, ya auna, ya ce zai yiwu, sannan ya tambaya ta yaya zai gane bambancin gobe.