Saniya Ba Ta Yawo Don Nishaɗi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Halin da Kiwo Ke Ciki a Kaduna

Duk wanda ya leƙa karar Zango a Tudun Wada cikin watan Afrilu ya ga shanun da ake saukewa daga mota, haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta. Mai shanu na kukan babu riba, mahauci na kukan tsada, uwargida kuma ta rage naman miya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi ji a bakin mutane, a majalisa da cikin mota, duk lokacin da zancen kiwo ya taso.

Malam, sa ya yi tsada, nama ya yi tsada. To kukan me makiyayi yake yi?

Kuɗin da ka biya mahauci ba shi ne ke shiga aljihun mai garke ba. Tsakanin ruga da tukunyarka akwai dillali da la'adarsa, da kuɗin kara, da kuɗin mota, da abin da ake karɓa a shingayen hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗaukar dabba ya tashi, dusa da gurya da magani suka bi sahu.

Sannan saniya ba kaza ba ce. Farar saniyarmu ta Bunaji takan kai shekara huɗu ko fiye kafin ta yi haihuwar fari, cikinta wata tara ne, kuma idan abinci ya yi ƙaranci sai ta shekara biyu tsakanin maraƙi da maraƙi. Garken da ka gani ka ce dukiya ce, a hankali yake ƙaruwa, ciwo ɗaya ko dare ɗaya kuma ya isa ya tafi da shi. Abin da ya fi ciwo shi ne lokacin sayarwa. Makiyayi ya fi matsuwa da kuɗi a bazara, lokacin da hatsin gida ya ƙare, dabba kuma ta rame. Wato yana sayarwa ne daidai lokacin da dabbarsa ta fi arha.

Nono ma haka. Saniyar gida lita ɗaya zuwa biyu ake tatsa a rana, da rani ma ba ta kaiwa. Matar da ta ɗauko ƙwarya tun daga ruga zuwa kasuwa tana gogayya ne da madarar gari da ake shigowa da ita daga ƙetare, wadda ƙasar nan ke kashe wa fiye da dala biliyan ɗaya a shekara.

Da can ai ana kiwo lafiya. Ina dajin ya tafi?

Mutane ne suka cinye shi, mu duka. Ƙidayar 1963 ta ce 'yan Nijeriya kusan miliyan 56 ne, yau mun haura miliyan 200, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. Tsohuwar Gwamnatin Jihar Arewa, wadda hedkwatarta ke nan Kaduna a lokacin, ta hango wannan, shi ya sa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Ana lissafin irin waɗannan wurare 415 a faɗin ƙasa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a hukumance. Sauran, da yawansu yau gonaki ne da unguwanni. Wanda ya fi suna a jiharmu shi ne Ladduga a ƙaramar hukumar Kachia, kuma shi ma ya ɗauki jama'a fiye da ƙarfinsa, musamman bayan rikicin zaɓen 2011 da ya koro iyalai da dama zuwa can.

Burtali ma, wanda a da ake barinsa da faɗi yadda garke zai wuce bai taɓa shuka ba, an yi ta gutsurarsa kunya bayan kunya, a wasu wuraren an toshe shi ɗungum. Fadamar da shanu ke sauka su sha ruwa da rani ta zama lambun tumatir da albasa, kuma ba za ka ga laifin mai lambun ba, shi ma bakin 'ya'yansa yake nema. Maganin feshi ya kashe ciyawar gefen gona. Masu gawayi sun kwantar da itatuwan da ake sassabo wa shanu ganye.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. A da manomi shi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya haɗa masa da damin dawa. Takin zamani ya raba wannan zumunci, manomi kuma ya fara kiwon nasa, ya gane kara da harawa kuɗi ne. Abin da ake ci kyauta jiya, yau sai an saya.

To me zai hana kowa ya killace shanunsa wuri ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasashen waje?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zafi, kuma a ganina mafi yawan masu yin ta ba su taɓa zama sun yi lissafin cikin saniya ba. Bari mu yi shi tare.

Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kusan kilo 6 a rana. Mai shanu 50 ke nan kilo 300 kullum. Daga Disamba zuwa ƙarshen Afrilu kwana 150 ne, ka ga tan 45 ke nan na ciyawa, kafin a zo maganar dusa da kanwa. Ruwa kuma, a zafin Maris kowace saniya za ta sha lita 30 ko fiye, wato lita 1,500 a rana ga wannan garken. Mutumin da ke tafiya da shanunsa yana biyan wannan duka ne da ƙafarsa. Ranar da ka ce ya tsaya, sai ka faɗa masa inda tan 45 ɗin nan zai fito, da wanda zai haƙa rijiyar burtsatse, da wanda zai gyara ta idan ta lalace.

Sai maganar fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, makiyaya ƙalilan ne kuma ke da takardar mallaka. Ba mai shuka ciyawa ya kewaye ta da waya a filin da za a iya tashinsa baɗi, banki kuma ba ya ba da rance a kan shanun da ke daji.

Ba wai killacewa ba ta yiwuwa ba ne. A Damau, cikin ƙaramar hukumar Kubau, kamfanin madara na Arla ya buɗe gonar kiwo a 2023 da shanun da aka kawo daga Denmak, kuma suna ba da madarar da saniyarmu ba ta kusa da ita. Amma waɗannan shanu suna da rumfa, da likita a kusa, da gonar abincinsu, da jarin da mai shanu 50 ba zai taɓa gani ba. Ka kai irinsu daji, kaska da zafi su gama da su. Abin da ya fi kusa da talaka an gwada shi a nan jihar tun shekarun 1980, lokacin da masu bincike suka yi aiki da makiyaya a yankin Kachia kan kewaye ɗan fili, kamar hekta huɗu, a shuka ciyawa mai gina jiki, a riƙa sakin masu tatsa da masu ciki a cikinta na 'yan sa'o'i da rani. Dabarar ta yi aiki. Abin da ya riƙa kayar da ita shi ne tsadar waya, da gobarar daji, da rashin tabbas a kan filin.

Gwamnatoci kuwa sun fi saurin yin doka da sanarwa. Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, shanu suka kwarara jihohin maƙwabta. Shirin Ruga na tarayya, na kafa wa makiyaya matsuguni, an dakatar da shi a watan Yulin 2019 tun bai fara ba, saboda ce-ce-ku-ce. Gwamnonin Kudu sun taru a Asaba a 2021 suka ce a daina kiwon sake. Ni ban ƙi a zauna wuri ɗaya ba, domin yaron da ke bin shanu daga Kachia zuwa Kogi ba ya makaranta, kuma hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, mai hedkwata a nan Kaduna, ba za ta iya bin kowane garke da allo ba. Amma ciyawa da ruwa da takardar fili su ne gaba, doka ta biyo baya.

Sauyin yanayi da ake ta faɗa, gaskiya ne ko zancen Turawa?

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Waɗannan shekaru ne suka tura garkuna masu yawa daga can Arewa zuwa yankinmu, wasu ba su sake komawa ba. Yanzu kuma abin da makiyayi ke gani shi ne damina mai rikici: ruwa ya sauka, sabuwar ciyawa ta tsiro, sai ya ɗauke mako biyu ko uku ta bushe. Kudancin Kaduna ya fi Zariya da Makarfi samun ruwa, shi ya sa ƙafa ke yawa a can, rigima ma ta fi yawa a can.

Su kansu shanun ba sa ɓata ƙasa?

Suna yi, kuma ɓoye wannan ba taimakon makiyayi ba ne. Inda shanu suka yi yawa a ƙaramin wuri, sukan cinye gamba tun ba ta zubar da iri ba, kofato ya daddaɓe ƙasa, ruwan sama ya zo ya yi zaizaya. Sassaben maɗaci da kawo da maɗobiya, idan ya wuce kima, yana kashe itacen. Cinna wa daji wuta don sabon tsiro ya fito, wanda mafarauta ma ke yi, yana ƙone abincin da zai kai garke bazara. Shiga gonar mutum kuma ɓarna ce, ko da wane uzuri, kuma sakin garke a hannun yaro ɗan shekara goma shi ke jawo mafi yawanta.

Akwai kuma iskar mitan da shanu ke fitarwa idan suna gyatsa, wadda ke cikin abubuwan da ke ɗumama duniya. Abin lura shi ne saniyar da ke cin busasshen kara ta ba da lita ɗaya ta fi fitar da wannan iska a kan kowace lita, idan aka gwada ta da wadda ta ƙoshi. Ciyar da ita da kyau riba ce ga mai ita, sauƙi ne kuma ga muhalli.

A cikin gari kuwa mu ne ke cutar da dabba. Tambayi kowane mahauci irin tulin ledar da yake cirowa daga tumbin saniya.

Wace cuta ce ta fi cin garke yanzu?

Cutar bushiya, wadda ta yi wa garkunan ƙasar nan kaca-kaca a 1983, an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, aka sanar a 2011. Allurar rigakafi ce ta yi wannan aiki, kuma ya kamata mu riƙa tunawa da haka. Waɗanda suka rage su ne ciwon huhu, da boru mai kama baki da kofato, da kirci mai kama fata, da ciwon hanta da ake ɗauka a fadama, da sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa a kurmi.

Abin takaici, ilimin yana kusa da mu. Cibiyar binciken sammore tana cikin garin Kaduna, cibiyar binciken kiwon dabbobi tana Shika kusa da Zariya, alluran rigakafi kuma ana yin su a Vom ta Jihar Filato. Amma malamin dabbobi bai cika isa ruga ba. Sai makiyayi ya sayi magani a tire ranar kasuwa, wanda rana ta gama dukansa, ya yi allura da ka. Idan dabba ba ta tashi ba a yi maza a kai ta kwata, ragowar maganin kuma ya ƙare a cikin naman da nonon da muke ba 'ya'yanmu.

Satar shanu fa?

Ita ce ta karya mutane da yawa. Dajin Kamuku da kewayen Birnin Gwari sun shekara da shekaru suna haɗiye garkunan mutane, kuma tun kafin satar mutane ta zama ruwan dare, shanu aka fara kwashewa. Mutumin da aka kore masa shanu 100 a dare ɗaya ya rasa gadonsa, da jarinsa, da sadakin 'ya'yansa. Wanda aka sace wa ɗa kuma shanun zai sayar a wulaƙance ya biya fansa. Makiyayi na gari yana tsakiya: ɓarawo ya cuce shi a daji, ya shigo gari a yi masa kallon ɓarawo. An sake buɗe karar Birnin Gwari a ƙarshen 2024 bayan ta daɗe a rufe, abin farin ciki ne, amma muddin ana iya loda shanun da ba a san asalinsu ba a mota a kai su Kudu, sata ba za ta rasa kasuwa ba.

An kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya. Mai ɗan garke ya zauna ya jira ta?

An kafa ta a 2024, kuma abin da za a auna ta da shi a bayyane yake: madatsun ruwa nawa aka gyara, burtali nawa aka shata, allura nawa ta isa daji. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ciyawa a watan Satumba da Oktoba ake yankanta, tana da sauran kore, a shanya a inuwa a ɗaure a ɗora a rumfa. Harawar wake da ta gyaɗa a lokacin girbi suka fi arha. Tsofaffin shanu da bijiman da ba a buƙata, a sayar da su a kaka suna da ƙiba, a sayi dusa da gurya a ajiye wa masu tatsa. Mata masu nono kuma, inda suka haɗu a ƙungiya suka kai wurin tarawa mai na'urar sanyi, nononsu ba ya tsami a hanya, ba sa kuma wuni a rana suna jiran mai saye. Rigakafin ciwon huhu kuwa duk shekara ake maimaita shi, kuma kafin garke ya tashi zuwa mashekari ya kamata a yi.