'Yan sammako da masu raba dare

'Yan sammako da masu raba dare rukuni biyu ne na mutane da suka sha bamban wajen lokacin da jikinsu yake neman barci da lokacin da yake wartsakewa. Ɗan sammako ido yana fara yi masa nauyi jim kaɗan bayan sallar isha'i, yana farkawa tun kafin assalatu ba tare da an tashe shi ba, kuma da hantsi ne kansa ya fi ja. Mai raba dare kuwa sai dare ya tsala yake jin garau. In an bar shi ba zai kai haƙarƙari ƙasa ba sai ƙarfe ɗaya ko biyu, tashin safe kuma a wurinsa ƙaramin yaƙi ne. Yawancin mutane a tsakani suke, wani ya ɗan karkata nan, wani can. Waɗanda suka ƙure a gefe guda su ne 'yan kaɗan. Turawa suna kamanta mai raba dare da mujiya, amma wannan suna bai zauna a Hausa ba, don mujiya a wurinmu alamar baƙin jini ce, kuma babu dalilin ɗora wa mutum wannan tabo saboda lokacin barcinsa.

An daɗe ana ɗaukar bambancin a matsayin na himma da lalaci. Binciken da aka tara tun daga shekarun 1970 ya nuna cewa babban kasonsa daga halittar jiki yake, sauran kuma daga shekaru da haske da sabo.

Agogon da ke cikin kai

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000. A 1972 aka tabbatar cewa shi ne babban agogon jikin dabbobi masu shayarwa, har da mutum. Shi yake tsara lokacin da zafin jiki zai hau ko ya sauka, da lokacin da za a saki sinadarin melatonin, wanda yake sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi. Melatonin yakan fara kwarara cikin jini awa biyu zuwa uku kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, zafin jiki kuma yakan kai ƙarshen saukarsa kamar awa biyu kafin lokacin tashi. A jikin ɗan sammako duk waɗannan suna faruwa da wuri. A jikin mai raba dare suna zuwa a makare, shi ya sa in aka tashe shi ƙarfe biyar na asuba, jikinsa yana tsakiyar darensa ne, ko da kuwa zakara ya gama cara.

Wannan agogo ba ya jiran rana kafin ya yi aiki. Tun a 1729 wani masanin taurari Bafaranshe, de Mairan, ya ajiye wata shuka mai naɗe ganye da dare a cikin duhu, ya ga ba ta fasa buɗewa da rufewa a kan lokaci ba. A 1962 wani Bafaranshen, Michel Siffre, ya yi wata biyu a cikin kogo ba agogo ba hasken rana, jikinsa ya ci gaba da barci da farkawa a zagaye mai ɗan ɗara awa 24. Ƙididdigar da Charles Czeisler da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Harvard a 1999 ta nuna cewa matsakaicin zagayen agogon mutum awa 24 ne da minti 11. Waɗannan 'yan mintuna suna da tasiri. Wanda agogonsa ya fi haka tsawo, kullum jikinsa yana jan sa zuwa ƙara makara. Wanda nasa ya gajarta, barci yana riskarsa da wuri. Hasken da ke shiga ido kowace safiya shi ke sake saita agogon ya dawo daidai da rana.

Akwai abu na biyu da ke aiki tare da agogon, wato nauyin barci da ke taruwa tun daga lokacin da mutum ya farka. Wani sinadari mai suna adenosin yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwa muddin ido biyu ake, barci ne kawai yake rage shi. Kafeyin da ke cikin kofi da ganyen shayi da goro toshe hanyar adenosin yake yi, sai mutum ya daina jin gajiyar alhali tana nan. Rabin kafeyin ɗin da aka sha yakan kai kusan awa biyar bai bar jiki ba, don haka shayi mai kauri bayan magariba yana nan yana aiki har tsakar dare.

Gado da shekaru

Babbar hujjar da ta nuna hannun gado daga ƙuda ta fito, irin ƙananan nan da ke bin nunannen mangwaro. A 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer a Amurka sun samu ƙudajen da zagayen yininsu awa 19 ne, da wasu masu awa 28, da wasu da ba su da tsari sam, kuma duk matsalar a ƙwayar gado ɗaya take. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka bi diddigin yadda wannan ƙwayar take aiki, abin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 2017.

A cikin mutane, misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wata zuri'a a jihar Utah ta Amurka. 'Yan wannan gida barci yana kwashe su tun wajen ƙarfe bakwai da rabi na yamma, su farka wajen huɗu da rabi na asuba, kaka da 'ya da jika duk haka. A 2001 aka gano cewa sauyi ɗaya ne a ƙwayar gado mai suna PER2 yake jawo hakan. A 2017 aka samu kishiyarsa, wani sauyi a ƙwayar CRY1 da ke jinkirta barcin masu ɗauke da shi. Irin waɗannan gidaje ba su da yawa. A wurin sauran jama'a ƙwayoyin gado masu yawa ne suke haɗuwa kowace ta ba da ɗan nata: wani nazari na 2019 a kan mutum kusan 700,000 ya gano wurare 351 a cikin kundin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da zama ɗan sammako ko akasin haka.

Shekaru ma suna juya mutum. Ƙananan yara 'yan sammako ne, kowace uwa ta san wannan. Da balaga ta zo agogon sai ya riƙa ja baya, ya kai ƙarshen makararsa wajen shekara 20, 'yan mata su ɗan riga samari kaiwa, daga nan ya soma dawowa a hankali har tsufa, lokacin da dattijo zai farka tun ƙarfe uku ya zauna jiran ladan. Saurayin da ake ta faɗa da shi a kan barcin safe, sau da yawa ba taurin kai yake yi ba, zangon rayuwarsa ne ya kawo haka. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 kada makarantun sakandare su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe, jihar Kalifoniya kuma ta mayar da shi doka ga manyan makarantun sakandare, wadda ta fara aiki a 2022.

Yadda ake aunawa

James Horne da Olov Östberg sun tsara tambayoyi 19 a 1976 don gane inda mutum ya karkata. Daga baya Till Roenneberg na jami'ar Munich a Jamus ya zo da ma'auni mai sauƙi: a duba tsakiyar barcin mutum a ranar da ba aiki ba makaranta. Wanda ya kwanta ƙarfe goma ya tashi biyar, tsakiyar barcinsa ɗaya da rabi ne. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi goma, nasa shida na safe ne. Tazarar da ke tsakanin wannan lokaci a ranar hutu da kuma a ranar aiki ita ke nuna yawan saɓanin da ke tsakanin agogon jikin mutum da agogon da jama'a suka ɗora masa.

Me ya sa aka bambanta

Mutanen Hadza na Tanzaniya har yanzu wasunsu da farauta da tsintar 'ya'yan itace suke rayuwa, ba lantarki. A wani nazari na 2017 an ɗaura wa manya 33 na'urar auna motsi tsawon kwana 20. A duk wannan lokaci, minti 18 kacal aka samu da kowa da kowa yake barci a tare. Kusan kullum akwai mai ido biyu, ko tsohuwar da ta farka da wuri ko matashin da bai kwanta ba tukuna. Masu binciken sun fassara hakan da cewa bambancin lokutan barci gadi ne da al'umma take yi wa kanta ba tare da an raba aiki ba. Fassarar tana da ma'ana ga duk wanda ya san zaman ruga ko ƙauyen da ke bakin daji.

Lafiya

Masu raba dare sun fi fuskantar ciwon suga da ƙiba da ciwon damuwa. Wani nazari na 2018 a kan mutum sama da 430,000 a Birtaniya ya samu cewa haɗarin mutuwarsu cikin shekara shida da rabi ya ɗara na 'yan sammako da kashi 10 cikin ɗari. Sai dai a yi hattara da fassarar wannan adadi. Nazarin tagwaye da aka yi a Finland, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa shan taba da barasa ne suka ɗauki mafi yawan bambancin. Abin da ke cutar da mai raba dare shi ne dole ya tashi da wuri bayan ya kwanta a makare, sai ya riƙa kwana da bashin barci, ga cin abinci da tsakar dare. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa bakwai, matashi takwas zuwa goma, ko wane rukuni yake.

A ƙasar Hausa

Al'adar Hausawa da addini duk sun fifita sammako. Ana cewa da sanyin safiya ake kama fara, dare kuma mahutar bawa. Suratun Naba'i ta ambaci dare a matsayin sutura, rana lokacin neman abinci. An ruwaito Annabi (SAW) yana roƙon albarka ga al'ummarsa a cikin sammakonta, kuma ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Zafin rana ma ya taimaka: manomi yana son ya ci rabin aikinsa kafin rana ta take, shi ya sa ƙailula bayan azahar ta zama cikon barcin dare a gidaje da yawa. Ga kuma sa'ar da yankin ya yi, a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kusan awa ɗaya da rabi ba, saɓanin arewacin Turai inda rana kan kai goma na dare ba ta faɗi ba a wasu watanni.

Duk da haka garin bai taɓa yin barci gaba ɗaya ba, kuma karin maganar nan ta san da haka: in kai ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. A bakin tasha wajen ƙarfe biyar na asuba, mai ƙosai tana hura wuta tana buga ƙullu, a gefenta mai shayi yana kife kofuna yana naɗe ledar teburinsa bayan ya sallami direbobin dare. Masu gasa burodi, masu gadi, ma'aikatan jinya da masu tsayuwar dare duk da su ake raba dare. Azumi kuwa yakan juya agogon gari kacokan, daga asham zuwa hira zuwa tahajjud a goman ƙarshe zuwa sahur, har a yi sati bayan Salla mutane suna fama su koma yadda suke.

Abin da ya sauya sosai shi ne haske. Fitilar ƙwai da aci-balbal ba su da ƙarfin da za su ruɗi agogon jiki. Farin ƙwan sola da fuskar waya da aka kanga dab da ido suna iya jinkirta melatonin, ga garaɓasar data da kamfanonin waya suke sakewa daga tsakar dare, wadda ta koya wa matasa da yawa zaman jiran sha biyu.

Juya agogo

Ana iya matsar da agogon, amma a hankali, kuma da iyaka. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ya kai mutane zango a cikin duwatsu na sati ɗaya, ba tocila ba waya, sai rana da wutar itace. Lokacin fitar melatonin ɗinsu ya matso gaba da kusan awa biyu, kuma masu raba daren ne suka fi matsowa. Ƙa'idar ita ce hasken safe yana jawo agogo gaba, hasken dare yana tura shi baya. Mai son ya rage makara zai fi cin riba in ya tsayar da lokacin tashi guda har ranar hutu, ya fita ya sha hantsi maimakon komawa ɗaki mai duhu bayan asuba, ya rage fitilu bayan isha'i, ya bar shayi da goro tun la'asar, sannan ya riƙa matso da kwanciyarsa da minti goma sha biyar zuwa ashirin duk bayan 'yan kwanaki. Wanda kuwa barci ba ya ɗaukarsa sai uku ko huɗu na dare wata da watanni, har abin ya taɓa karatunsa ko aikinsa, likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin lalura mai zaman kanta, kuma suna magance ta da haske mai ƙarfi da safe da ɗan ƙaramin awo na melatonin da ake sha awanni kaɗan kafin kwanciya.