Bakteriyar da Ba Ta Renuwa da Cututtukan Tsirrai

Bakteriyar da ba ta renuwa ita ce duk wata ƙwayar bakteriya da masana suka tabbatar da wanzuwarta, amma suka kasa sa ta hayayyafa ita kaɗai a faranti cikin ɗakin gwaje-gwaje. Irinta ce ta fi yawa a duniya. In aka ɗebi ƙasar gona ko ruwan kogi aka ƙirga ƙwayoyin da ke ciki da madubin ƙara girma, sannan aka zuba su a abincin reno, sau da yawa abin da ke tsirowa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana cututtuka kai. Tun zamanin Bajamushe Robert Koch, a shekarun 1880, ƙa'ida ita ce a ware ƙwaya, a rene ta, a saka ta a jiki mai lafiya, a ga ta haifar da cutar, kafin a ɗora mata laifi. Wadda ta ƙi renuwa ba ta cika wannan sharaɗi, har suna na dindindin ma an daɗe ba a raɗa mata ba. A 1994 aka kawo shawarar a riƙa sa Candidatus a gaban sunan irinsu, alamar cewa ta hanyar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanin gado a jikin halitta, aka san su.

Manyan rukunoni biyu

Cikin irin waɗannan ƙwayoyi da ke sa wa tsirrai cuta, rukuni na farko shi ne fitoplasma. An daɗe ana ɗaukar cututtukanta a matsayin na bairos, sai a 1967 Yoji Doi da abokan aikinsa a Japan suka gan ta da madubin lantarki a cikin jijiyoyin tsiro masu ɗaukar ruwan sukari daga ganye zuwa sauran jiki. Ba ta da bangon da sauran bakteriya ke da shi, shi ya sa fenisilin ba ya taɓa ta. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ne ke yawo da ita daga tsiro zuwa tsiro. Ita ce ke mayar da furen riɗi ganye a Indiya da Afirka ta Yamma, tsiron ya yi ta tofo ba kwanso ko ɗaya, kuma ita ta kashe bishiyoyin kwakwa masu ɗimbin yawa a gaɓar tekun Gana.

Na biyu shi ne Liberibacter, mai haddasa cutar lemu da Sinawa suka sa wa suna huanglongbing. An gan ta a Burazil a 2004, a jihar Folorida ta Amurka a 2005. A kakar 2003 zuwa 2004 Folorida ta girbe akwatin lemu miliyan 242; bayan shekara 20 abin ya koma ƙasa da miliyan 20, kodayake guguwa da cin filaye da gine-gine ke yi su ma sun sa hannu.

Abin da jinom ya tona

Jinom shi ne ɗaukacin bayanin gado da ke rubuce cikin DNA na halitta. Da na'urorin karanta shi suka yi araha, sai masana suka daina jiran reno. Akan niƙa ganye ko ƙwaron da ke ɗauke da cutar, a karanta duk DNA ɗin da ke ciki, kwamfuta ta tsince na bakteriyar ta harhaɗa shi. A 2004 masana a Japan suka fitar da jinom na farko na fitoplasma, wadda ke sa albasa rawaya a can: harufa kusan 860,000 kacal, alhali na E. coli, sananniyar bakteriyar hanji mai renuwa, ya kai miliyan 4.6. A 2009 aka karanta na Liberibacter ɗin lemu na Asiya, harufa miliyan 1.23, daga jikin ƙwaro guda.

A nan aka gane dalilin ƙin renuwar. Waɗannan ƙwayoyi sun zubar da yawancin kayan gadon da ake haɗa abinci da su; fitoplasma har injin da kusan kowace bakteriya ke samar da kuzari da shi ta rasa. Kamar baƙon da ya daɗe yana ci a gidan mutane har ya sayar da tukunyarsa, in aka ware ta a faranti yunwa ce ke kashe ta. Akwai dai ƴar uwarsu guda, Liberibacter crescens, da aka samo a jikin wata irin gwanda a Fotoriko, wadda ke renuwa, jinom ɗinta kuma ya ɗan fi girma. Da ita ake gwada magunguna a madadin sauran.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne abin da suka riƙe. Ƙungiyar Saskia Hogenhout a cibiyar John Innes ta Ingila ta gano ƙananan sinadaran furotin da fitoplasma ke zubawa cikin tsiro. SAP11 na sa rassa su fito cunkus, SAP54 na lalata abin da ke umurtar toho ya zama fure, sai ya zama ganye, SAP05 kuwa, wanda aka bayyana aikinsa a 2021, na hana tsiro girma zuwa haihuwa. Tsiron ya daina yi wa kansa iri, ya koma wurin kiwon ƙwarin da za su kai cutar gaba. A 2022 kuma aka kafa tsarin SeqCode, wanda ya yarda a raɗa wa bakteriya suna bisa jinom kaɗai.

A Nijar

Batun ya shafi manoman riɗi, da masu lambunan lemu na Gaya da Timiya, da masu albasar Galmi a jihar Tawa da ke shuka a ƙuƙumce inda ƙwari ke samun sauƙin yawo. An tabbatar da Liberibacter na Asiya a Habasha a 2010, kuma an ba da rahoton ƙwaron da ke yaɗa ta, Diaphorina citri, a kudancin Najeriya da Gana. A Yamai, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, da cibiyar nazarin noma da yanayi ta yankin Sahel, AGRHYMET, da hukumar kare tsirrai ta ƙasa ne ke da ruwa da tsaki a irin wannan sa ido.

Da ido kaɗai ana iya kuskure, domin rawayar ganye ta yi kama da ƙarancin taki. A lemu, ƙarancin zinki kan fito iri ɗaya a gefe biyu na jijiyar ganye, na cutar kuwa dabbare-dabbare ne marasa daidaito, ƴaƴan su karkace, su yi ɗaci, gindinsu ya tsaya kore. Gwajin PCR, mai gano DNA ɗin ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje, shi ne ke yanke hukunci. Bishiyar da ta kamu ba ta warkewa. Maganin kashe bakteriya na tetrasaikilin na danne alamun ne kawai, su dawo in an daina. Abin yi shi ne tumɓuke ta, a rage ƙwarin, a kuma san asalin kowane dashe da reshen aure kafin ya shiga lambu, musamman wanda aka tsallako iyaka da shi.