Waiwaye: Yadda Ruwan Famfo Ya Shigo Kano da Wahalar Kula da Shi

Kafin famfo, rijiya da kududdufi ne madogarar mutanen birnin Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, aka buɗe matatar ruwa ta farko a bakin kogin Challawa, kusa da Panshekara, da kuɗin baitulmalin En'e. Daga can ake tura ruwa zuwa tankunan da ke kan Goron Dutse, shi kuma ya gangaro cikin gari da kansa.

Gari ya yi ta faɗaɗa, aka yi ta ƙari. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a farkon shekarun 1970, madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. An ƙara matatu a Challawa, aka gina ta Tamburawa a kan kogin Kano. A mulkin Malam Ibrahim Shekarau aka yi sabuwar Tamburawa, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana, ga kuma ta Watari a Bagwai.

To amma gina matata daban, riƙe ta daban, kuma nan ne ake yawan barin Hukumar Ruwa ta Jihar Kano da nauyin da ya fi ƙarfinta. Ruwan kogi yana shigowa ne jajawur, musamman da damina. Sai an zuba masa alif laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da shi ta cikin yashi a tace, sannan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Kullum ake wannan, ba hutu. Yashin tacewar ma sai ana wanke shi, tankuna sai ana kwashe lakar da ta taru a ƙasansu. Ranar da alif ya yanke ko aka ɗauke wuta babu man janareta, injinan turawa sun tsaya ke nan, unguwanni su wayi gari famfo a bushe.

Abin da ya fi damuna shi ne bututu. Da yawa a cikin tsohon gari sun tsufa, wasu aikin titi ya fasa su, wasu kuma ƙananan na roba ne da aka ja ta cikin kwata. Muddin akwai ƙarfin ruwa a ciki, waje yake tsiyaya. Da ƙarfin ya faɗi, ƙazantar kwatar ce ke shiga ta wurin fashewar, ruwan da ya bar matata da tsabta ya isa gida da cuta.

Kuɗin gyara kuwa daga masu biyan kuɗin ruwa ya kamata ya fito, amma wanda ya yi wata bai ga ɗigo ba da wuya ya biya. Shi ya sa mai hali ya haƙa burtsatse, talaka ya koma jiran ɗan garuwa da kurarsa, yana sayen jarka da tsadar da ta fi ta famfo nesa ba kusa ba.