Ciwon Damuwa: Suna Ɗaya, Cuta Biyu

Tun da aka sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya a farkon 2023, "ciwon damuwa" ya shiga bakin kowa, har na ji wani mai gabatar da shiri yana liƙa shi ga duk wanda cunkoson Oshodi a Legas ya ɓata wa rai. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cusa cututtuka biyu cikin sunan nan.

Damuwa daga "dama" ta fito, irin damun fura ko kunu, wato a juya abu har ya kasa kwanciya. Wanda ya damu zuciyarsa ce aka dama. Wannan siffa ta dace da ciwon fargaba, inda ɗalibin likita yake kwana ƙirjinsa na bugawa, yana hango faɗuwa a jarrabawar da saura watanni, tunani na juya shi kamar ludayi a ƙwarya. Amma ɗaya cutar, wadda ake kira "depression" da Turanci kuma aka fi ba sunan, ba ta da wannan motsi. Gasara ce da ta kwanta a gindin roba ta daskare: sha'awa ta mutu, abinci ya fita a rai, barci ya rikice, mutum yana ganin kansa ba shi da amfani, kuma likitoci ba sa kiranta cuta sai ta kai aƙalla mako 2 a jere. A ganina an ɗora sunan inda bai zauna ba, shi ya sa ake ba mai ita maganin damuwar yau da kullum, wato haƙuri.

Wani nazari da mujallar likitoci ta Amurka, JAMA, ta buga a 2016 ya gano alamun wannan cuta ta biyu a kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likita, kuma cikin masu alamun kashi 16 kacal suka nemi magani.

A unguwar Idi-Araba ta Legas, inda Hausawa ke zaune dab da asibitin koyarwa, ɗan maƙwabcinmu da ke aji 4 a karatun likita ya yi wata guda farar rigarsa na rataye a ƙusa. Mahaifinsa ya ce masa, "Likita, me ka rasa da za ka damu?" Yaron ya ce, "Baba, ba komai." Gaskiya ya faɗa, domin cutar ba ta jiran dalili. Da aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kuwa, uban ya miƙe tsaye ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne.